Eric Dolphy: Mabushin da aka yanke wa hukunci kafin a saurare shi

Duk wanda ya taɓa koyar da ilimin tsarin sauti ya san cewa kunne ba ya yi wa baƙon harshe adalci. Idan mutum ya ji harshen da bai saba da shi ba, abin da zai fara shiga kunnensa hayaniya ce, ba zai iya rabe inda wata kalma ta tsaya da inda wata ta tashi ba, kuma sau da yawa yakan ɗora laifin a kan masu harshen, ya ce maganarsu ba ta da kan gado. Sai an ɗauki maganar a na'ura, an maimaita ta sau goma ko ashirin, sannan gaɓoɓi su fara fitowa ɗaya bayan ɗaya, ƙa'idojin da ke riƙe da su su bayyana. Wannan shi ne aikin da nake ci da shi, kuma shi ne ya sa nake ganin ina da ta cewa game da wani baƙar fatar Amurka mai suna Eric Dolphy, mabushi a fagen kiɗan jaz, wanda ya mutu a 1964 yana da shekara 36, da kuma faifansa mai suna Out to Lunch!, wanda bai rayu ya ga fitowarsa kasuwa ba.

Ra'ayin da zan kare a wannan shafi guda ɗaya ne. Masu sharhin da suka kira busar Dolphy hayaniya sun yanke hukunci ne irin na kunnen da ya ji baƙon harshe, kuma babban abin da ya ba na baya damar sake duba shari'ar shi ne tsabtar sautin da aka ɗauka a wannan faifai. Domin mai karatu ya fahimci dalilina, dole mu fara da rayuwar mutumin.

An haifi Eric Allan Dolphy a birnin Los Angeles ranar 20 ga Yuni, 1928, shi kaɗai ne ɗa a wurin iyayensa, waɗanda ke da tushe a ƙasar Panama. Yana ɗan shekara 6 ya fara koyon busa kilarinet, wato wata doguwar sarewar katako mai harshen kara a baki. Tun yana ƙarami burinsa shi ne ya shiga babbar ƙungiyar kiɗan gargajiyar Turawa, irin wadda ake karanta kiɗa daga takarda, amma a Amurkan wancan zamani wannan ƙofa a rufe take ga mai launin fatarsa. Iyayensa sun tsaya masa tsayin daka, har suka gyara masa wani ɗaki a bayan gida domin ya riƙa gwaji ba tare da damun kowa ba. Abokansa na ƙuruciya sun shaida cewa yakan wuni a ɗakin nan yana maimaita sauti ɗaya tak har sai ya fito yadda yake so. Ya yi karatun kiɗa a kwalejin birnin, ya yi aiki da ƙungiyar Roy Porter a ƙarshen shekarun 1940, ya shiga soja daga 1950 zuwa 1953, sannan ya dawo gida ya ci gaba da busa a ƙananan wurare, ba wanda ya san shi a wajen garinsu.

Sai da ya kai shekara 30 sannan duniya ta fara jin ɗuriyarsa, lokacin da ya shiga ƙungiyar makaɗi Chico Hamilton a 1958. A ƙarshen 1959 ya koma New York, cibiyar jaz ta duniya, kuma daga nan zuwa mutuwarsa shekara huɗu da rabi ne kacal. Duk abin da ake tuna shi da shi a yau, a cikin wannan ɗan taƙi ya yi shi. Kayan busa uku ya ƙware a kansu: saksafon mai matsakaiciyar murya da ake kira alto, da sarewar ƙarfe ta Turawa, da kuma babbar kilarinet mai kaurin murya, wadda kafin zuwansa ba a ɗauke ta a matsayin abin da mutum zai tsaya gaban jama'a ya yi dogon zance da ita a jaz ba. Shi ne ya fito da ita daga bayan fage.

A shekarar 1960 ya yi aiki da Charles Mingus, gwanin ƙaton gogen nan na tsaye da ake kira bes. A wani kiɗa mai suna What Love da suka ɗauka a watan Oktoba na shekarar, akwai wurin da sauran makaɗa suka lafa, aka bar su biyu, Mingus da tsirkiyarsa, Dolphy da babbar kilarinet, suna musayar zance. Wanda ya saurara zai ji tambaya da amsa, zai ji gardama da ban haƙuri, har da ɗaga murya da ƙunƙuni, alhali ba a furta kalma ko ɗaya ba. A wurin mai nazarin harshe wannan ba abin mamaki ba ne, domin kuwa mun san cewa wani ɓangare na saƙon magana yana cikin hawa da saukar murya da tsawon gaɓa da wurin da aka ja numfashi. Bahaushe ya fi kowa sanin haka. Kalmar kuka ta hawaye da kuka ta miya baƙaƙensu da wasulansu ɗaya ne, karin sauti ne kaɗai ya raba su. Mai kalangu kuwa da matse tsarkiyar ganga a hammata yake kwaikwayon wannan kari, har ɗan gari ya ji kirarinsa sarai a cikin kiɗan, baƙo kuma ya ji bugu kurum. Dolphy bai san Hausa ba, amma hanyar da ya bi ke nan: ya ɗauki kayan busa da aka ƙera domin su tsaya a kan tsanin sauti goma sha biyu na Turawa, ya tilasta musu zamewa tsakanin matakan tsanin kamar yadda muryar ɗan Adam ke yi.

Ranar 21 ga Disamba, 1960 ta isa ta nuna irin ƙwazonsa. A wannan rana guda ya shiga ɗaukar faifan Ornette Coleman mai suna Free Jazz, wanda daga gare shi sabon salon ya samo sunansa, kuma a ranar ya ɗauki nasa faifan mai suna Far Cry tare da matashin mabushin ƙahon tirampet Booker Little. A 1961 ya haɗu da tsohon amininsa John Coltrane, ya taimaka wajen tsara bushe-bushen faifan Africa/Brass, sannan suka yi wasa tare a gidan kiɗa na Village Vanguard a farkon watan Nuwamba. A wannan lokaci ne gobarar ta tashi. Wani marubuci a mujallar DownBeat mai suna John Tynan ya rubuta cewa abin da mutanen biyu ke yi kishiyar jaz ne, rusa shi suke yi da gangan. Maganar ta yaɗu, wasu masu sharhi suka ara suka yafa, har mujallar ta gayyaci Coltrane da Dolphy su kare kansu a fitowarta ta watan Afrilu 1962.

Amsar da Dolphy ya bayar a wannan hira tana da muhimmanci ga batunmu. Bai yi zagi ba, bai kuma ce shi ya fi ƙarfin doka ba. Ya bayyana cewa a gidansu na California yakan tsaya ya saurari kukan tsuntsaye ya bi su da sarewa, kuma tsuntsaye suna da sautukan da ke faɗawa tsakanin matakan da aka saba da su. A wurare daban-daban ya sha nanata cewa sautukan da yake busawa suna da dangantaka da ginshiƙin kiɗan da ke ƙarƙashinsu, ko da kunnen da bai saba ba ya kasa gano dangantakar. Ma'ana, mutumin yana da'awar cewa harshensa yana da nahawu. Masu suka kuwa suna cewa ba shi da shi. Irin wannan gardama hujja kaɗai ke raba ta, kuma hujjar ita ce a samu maganar a ɗauke tsaf, yadda kowa zai iya komawa ya bi ta gaɓa-gaɓa.

Kafin hujjar ta samu, hukuncin ya riga ya yi masa illa a aljihu. A 1962 da 1963 aiki ya yi masa wuya a matsayin jagoran ƙungiyarsa, masu gidajen kiɗa suna gudun sunan da aka shafa wa baƙin fenti. Ya rayu cikin ƙunci, yana karɓar duk aikin da ya samu, har da kiɗan Turawa na zamani tare da Gunther Schuller, inda iya karanta takarda ya yi masa rana. Duk waɗanda suka zauna da shi bakinsu ya zo ɗaya a kan halinsa: ba ya shan giya, ba ya taɓa ƙwaya, ba ya zagin kowa, kuma ɗan abin da ya samu yakan raba da makaɗan da suka fi shi shiga matsi.

Ana cikin haka kamfanin Blue Note ya ba shi dama. Wannan kamfani an kafa shi ne a New York a 1939, kuma jagoransa Alfred Lion Bayahude ne haifaffen Berlin da ya bar Jamus ya tsira daga mulkin 'yan Nazi. Al'adar kamfanin ce ya biya makaɗa kuɗin gwaji kafin ranar ɗauka, abin da yawancin ƙananan kamfanoni ba sa yi, kuma ga kiɗa mai sarƙaƙiya irin na Dolphy wannan ba ƙaramin gata ba ne. Ranar 25 ga Fabrairu, 1964 mutum biyar suka hallara a ɗakin ɗaukar sauti na Rudy Van Gelder da ke Englewood Cliffs a jihar New Jersey. Ban da Dolphy mai shekara 35, akwai Richard Davis mai shekara 33 a kan bes, da Freddie Hubbard mai shekara 25 a kan tirampet, da Bobby Hutcherson mai shekara 23 a kan bayibrafon, wato jerin sandunan ƙarfe da ake bugawa da 'yan sanduna masu dunƙulen kai, sai kuma Tony Williams, yaro ɗan shekara 18, a kan ganguna, wanda a lokacin yake aiki da Miles Davis. Kiɗa biyar suka ɗauka, dukkansu Dolphy ne ya tsara, jimillarsu minti 42.

Sunan faifan ma da biyu aka sa shi. A Ingilishin Amurka, kalmomin suna nufin mutum ya fita cin abincin rana, suna kuma nufin wanda kansa ba daidai ba. Reid Miles, mai tsara bangon fayafayan kamfanin, ya sa hoton ƙofar shago da allon agogon da ake ratayewa domin a nuna lokacin da mai shago zai dawo, sai dai hannayen agogon sun yi yawa, kowanne yana nuna inda ya ga dama. Wannan habaici ne ga masu cewa ya zautu, kuma ya karɓi sunan da suka laƙaba masa ya mayar da shi tambari.

Abu na farko da mai sauraro zai lura da shi shi ne babu piyano. A jaz na wancan zamani piyano ne ke shimfiɗa tabarmar da kowa ke zama a kai, shi ke tunatar da kunne inda aka kwana da inda za a tashi. Dolphy ya cire shi ya sa ƙarafan Hutcherson a gurbinsa, su kuwa ƙarafan nan suna yin ƙara su watse ne, su bar fili a buɗe. Abu na biyu, babu wanda aka ɗora wa aikin riƙe lokaci shi kaɗai. Williams ba ya buga bugun nan mai maimaituwa da aka saba ji a kan faifan tagulla. Yakan jefa bugu nan, ya yi shiru can, ya shigo da taku irin na fareti, ya watsar da shi. Davis ma haka yake yi da tsirkiyarsa. Amma duk da haka ba wanda ya ɓata a hanya, domin kowa yana ƙirga lokacin a zuci, kuma idan aka zo komawa kan amshi sai a ji su biyar sun dira wuri ɗaya.

Kiɗan farko, Hat and Beard, girmamawa ce ga Thelonious Monk, makaɗin piyano da aka sani da hula da gemu. An gina shi a kan taku tara, maimakon huɗun da aka saba, kuma za a iya ƙirga taran nan da yatsu a cikin jimlar da bes da babbar kilarinet ke maimaitawa kamar mai saukowa daga matakala yana ɗingishi. Na biyu, Something Sweet, Something Tender, shi ne mafi taushi, inda Davis ya goga tsirkiya da baka, muryarsa da ta babbar kilarinet suka haɗu har da wuya a rabe su a wasu wurare. Na uku, Gazzelloni, an sa masa sunan Severino Gazzelloni, gwanin sarewa ɗan Italiya, kuma a nan ne za a ji tsuntsayen da Dolphy ya yi magana a kansu. Na huɗu shi ne mai sunan faifan, mafi tsawo, minti 12. Na ƙarshe, Straight Up and Down, Dolphy da kansa ya bayyana shi a matsayin hoton tafiyar mashayi, kuma lallai ana jin tangaɗin da ƙoƙarin miƙewa a cikinsa. Mutumin da bai taɓa sha ba ne ya zana wannan hoto, kuma ya zana shi da raha, ba da wulaƙanci ba.

Yanzu sai batun ɗaukar sautin, wanda shi ne ƙashin bayan hujjata. Rudy Van Gelder asalinsa mai gwada idanu ne da yanka tabarau, ya fara ɗaukar kiɗa a falon iyayensa a garin Hackensack, sai a 1959 ya bar aikin ido ya koma sabon ginin da ya yi musamman domin sauti, mai dogon rufin katako da ke ba murya sararin yin amo ba tare da ta cuɗe ba. A wancan lokaci kai tsaye yake ɗaukar fayafayan Blue Note a kan tef mai layi biyu, wato dole ya daidaita ƙarfin kowane makirfo a daidai lokacin da ake kiɗan, babu damar a dawo daga baya a ɗaga wannan a rage wancan. Yana kusantar da makirfo ga bakin kayan kiɗa, abin da ke sa mai sauraro ya ji kamar makaɗan suna gabansa. Ba kowa ne ya yarda da hanyarsa ba. Mingus yana cikin masu ƙorafin cewa yana sauya wa makaɗi muryarsa ta asali, kuma an daɗe ana sukar yadda piyano ke fitowa a dusashe a ɗaukarsa. A wannan faifai kuwa babu piyano, don haka babban rauninsa bai samu wurin fitowa ba, ƙarfinsa kawai aka gani.

Ga dalilin da ya sa wannan ya zama wajibi a irin wannan kiɗa. A kiɗan da ke da bugu mai maimaituwa da amshin da kowa ya sani, ko ɗauka ta yi muni kunne yakan cike gurbin da kansa, kamar yadda mutum ke fahimtar ɗan'uwansa a waya mai ƙaraji saboda ya san harshen. A kiɗan Out to Lunch! babu abin da kunne zai iya hasashe. Ma'anar tana cikin yadda wannan ya amsa wa wancan a cikin daƙiƙa guda: Williams ya taɓa tagulla, Hutcherson ya mayar masa, Davis ya zame ƙasa ya bar rami, Dolphy ya yi tsalle daga can ƙasan murya zuwa ƙololuwa ya faɗa cikin ramin. Idan murya ɗaya daga cikin biyar ta nutse, sauran huɗun za su zama amsoshi ba tare da tambayoyi ba, kuma wannan shi ne ainihin abin da ake kira shirme. Van Gelder ya bar kowace murya a fili. Ana jin katakon bes da karcewar tsirkiya, ana jin numfashi a bakin sarewa, ana jin yadda amon ƙarfe ke mutuwa a hankali, har shirun da ke tsakanin sautuka yana da tsabta.

Wanda yake son ya auna wannan magana sai ya kwatanta da wasu ɗauke-ɗauken Dolphy. A faifan da aka ɗauka a gidan kiɗa na Five Spot ranar 16 ga Yuli, 1961, busar tana da zafi ƙwarai, amma piyanon da aka ba Mal Waldron ba a saita shi daidai ba, kuma wannan aibi yana nan har abada. Akwai kuma Evenings at the Village Gate, wasan Coltrane da Dolphy na watan Agusta 1961, wanda injiniya Rich Alderson ya ɗauka da makirfo ɗaya tak da ya rataye a saman dandamali domin gwada sababbin na'urorin gidan. An gano tef ɗin a ɗakin karatu na birnin New York, aka fitar da shi a 2023. Taska ce ta tarihi, sai dai gangunan Elvin Jones sun mamaye gaba, piyano yana can nesa. Irin wannan sauti, ko wanda ya fi shi cuɗewa, shi ne abin da mai sharhi da ke zaune a lungun gidan kiɗa cikin surutun jama'a da ƙarar kofuna yake ji a 1961, sau ɗaya, ba damar maimaitawa. Ban wanke Tynan ba, domin mai hukunci shi ke da alhakin neman cikakkiyar shaida, amma na fahimci inda kunnensa ya yaudare shi.

Adalci ya sa in faɗi inda nake ganin faifan ya gaza. Hubbard gwani ne, amma a wasu wurare ana jin yana komawa ga jimlolin salon da ya taso a ciki, kamar mai magana da baƙon harshe da karin garinsu, kodayake wasu na ganin wannan ne ma ya ba kunne igiyar riƙewa. Kiɗa biyun ƙarshe sun yi kama da juna a tsari, amshi a farko, kowa ya yi nasa, amshi a ƙarshe, har mai sauraro yakan gaji kafin a kai gaci. Faifan kuma yana da sanyi irin na ɗakin gwaji, babu zafin nan da gumin da Dolphy ke fitarwa a gaban jama'a tare da Mingus. Ta fuskar sauti, sitiriyon shekarun 1960 yakan tura kayan kiɗa can gefen hagu ko dama, abin da ke damun mai saurare da na'urar toshe kunne. Sabon gyaran da Van Gelder ya yi wa faifan a 1999 kuma, a kunnena, ya ƙara wa tagulla da ƙarafa kaifi fiye da kima. Waɗannan duka aibobi ne na gaske, amma ba ɗaya daga cikinsu da ya taɓa tushen da'awar Dolphy, wato cewa abin da yake yi tsararre ne.

Bai tsaya jiran hukuncin faifan ba. Ya riga ya shaida wa A. B. Spellman, wanda ya rubuta bayanin bayan bango, cewa zai koma Turai da zama domin a can ya fi samun aikin busa nasa kiɗan, a gida kuwa duk wanda ya zo da sabon abu danne shi ake yi. A watan Afrilu 1964 ya bi Mingus rangadin Turai, da aka gama sai ya tsaya a Paris. Ranar 2 ga Yuni ya yi wasa a Hilversum ta ƙasar Holan tare da Misha Mengelberg da Han Bennink, wasan da ya fito daga baya da sunan Last Date. A cikin watan nan ne mujallar DownBeat ta buga hirar da Miles Davis ya kushe busarsa da kakkausar murya. A ƙarshen watan ya tafi Berlin domin wasa a wani gidan kiɗa, jikinsa ya riga ya yi tsanani, ya faɗi, aka kai shi asibiti. Ranar 29 ga Yuni, 1964 ya cika, kwana 9 bayan ya cika shekara 36. Ciwon sukari ne ya kashe shi, ciwon da bai san yana ɗauke da shi ba.

Ruwaya biyu ake bayarwa game da sa'o'insa na ƙarshe. Ɗaya, wadda wasu abokan sana'arsa suka yaɗa, ta ce da aka ga baƙar fata ne kuma makaɗin jaz sai aka zaci ƙwaya ce ta bugar da shi, aka bar shi ya farfaɗo da kansa. Ɗayar ta ce an gano ciwon, an yi masa allurar insulin, jikinsa ya kasa ɗauka. Idan ta farkon ce gaskiya, to an sake yanke masa hukunci kafin a saurare shi, a wannan karo a kan gadon asibiti. Kwana 3 bayan mutuwarsa, ranar 2 ga Yuli, aka sa hannu a kan dokar 'yancin jama'a ta Amurka da ta haramta wariyar launin fata a wuraren taruwar jama'a. Faifan Out to Lunch! ya fito a watan Agusta.

Abin da ya biyo baya sananne ne a al'adar ɗan Adam. Mujallar da aka fara jifansa a shafukanta ta sa sunansa a jerin gwarazanta a shekarar da ya mutu. Mingus ya raɗa wa ɗansa da aka haifa a wannan bazara sunan Eric. Iyayen Dolphy sun ba Coltrane sarewarsa da babbar kilarinet ɗinsa, kuma Coltrane ya busa su a wasu ɗauke-ɗaukensa na ƙarshe kafin shi ma ya mutu a 1967. Takardun kiɗan da ya bari a hannun amininsa Hale Smith sun isa ɗakin karatu na majalisar dokokin Amurka a 2014, inda masu bincike ke iya ganin tsare-tsarensa da rubutun hannunsa. A yau da wuya a lissafa manyan fayafayan jaz na shekarun 1960 ba a ambaci Out to Lunch! ba, kuma duk wanda ya ɗauki babbar kilarinet a wannan fage ta ƙofar Dolphy ya shigo.

Shawarata ga mai karatun da zai nemi faifan ita ce ya yi masa irin sauraron da muke koya wa ɗalibai su yi wa baƙon harshe. Kada ya fara da lasifikar waya, domin takan haɗiye muryar bes, kuma idan bes ya ɓace rabin zancen ya tafi. A sauraro na farko ya bi Richard Davis shi kaɗai daga farko har ƙarshe. A na biyu ya bi ganguna, a na uku ya bi ƙarafa, sai a na huɗu ya saki kunnensa ga Dolphy. Zai iya gamawa ya ce kiɗan bai yi masa daɗi ba, wannan haƙƙinsa ne, daɗin kunne ba a yi wa mutum dole a kansa. Abin da nake da yaƙini a kai shi ne ba zai ce mutanen nan biyar ba su san abin da suke faɗa wa juna ba.